Bayan An Rufe Murfi

Ka lura da yadda mutane ke rufe laftof idan an tashi daga aiki. Ba sa duban allo. Hannu ɗaya na laluben makullin mashin, ɗayan na danne murfi. Ɗalibi a ɗakin karatu haka yake yi, mai buga takardu a bakin sakatariya haka, akawun kamfani ma haka. Wani yana cikin hira da na kusa da shi. Sai ka ji ɗan ƙas, a zura ta a jaka, a ja zif.

Ita kwamfutar ba ta ga hannun ba. Akwai ɗan mayen ƙarfe a gefen murfin, akwai kuma wata 'yar na'ura a jikinta da ke jin kusantarsa. Da sun haɗu sai a ba da umarnin barci. Shi ya sa wani lokaci allo ke mutuwa haka kawai idan ka ɗora waya ko wani abu mai mayen ƙarfe a daidai wurin. Murfin na buɗe a gabanka, amma a wajenta an rufe.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tunanin mai ita lokacin da yake jan zif ɗin. Ya ɗauka saƙon da ya danna wa aika ya tafi. Ya ɗauka kwafin ajiyar da aka saita masa ƙarfe 2 na dare zai gudana. Yana so ta kwanta don kada batir ya ƙare, yana kuma so ya tarar da aikin dare a kammale da safe. Buƙatu biyu ne, kowacce na cin 'yar'uwarta. Injiniyoyi sun shafe shekaru suna neman sulhunta su. Sun yi nisa, amma sulhun na da sharuɗɗa, kuma ba a rubuta su a jikin murfi ba.

Mu fara da barcin kansa. A watan Disamba na 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda ta tsara yadda kwamfuta za ta riƙa sarrafa wutarta. A ciki aka jera matakai daga S0 zuwa S5. S0 ido biyu ke nan, ana aiki. S5 a kashe take. A tsakani akwai biyu da suka shafe mu. A S4, kwamfuta na kwashe duk abin da ke ƙwaƙwalwarta ta rubuta a faifai, sannan ta mutu. In ka kunna sai ta karanto shi ta ɗora daga inda ta tsaya. A S3 kuwa, wanda shi ne barcin yawancin tsofaffin laftof, ana yanke wa kusan komai wuta. Furosesa ta tsaya. Fanka ta tsaya. Faifai ya tsaya. Wi-Fi ya yanke. Ram kaɗai ake bar wa ɗan abin da zai riƙe shi.

Shi ram ɗin ma abin lura ne. Ba ya iya riƙe abu da kansa. Kowane ɗigon bayani a cikinsa ɗan caji ne da ke tsiyayewa, dole a riƙa sabunta shi fiye da sau 15 a kowace daƙiƙa. Wannan sabuntawar ce ke lasar batir a hankali idan ka bar laftof a rufe kwana da kwanaki. Babu wani aikinka da ke ci gaba. Ana dai tsare wasiƙar da ka bari a rabi kada ta ɓace. In batirin ya ƙare ƙaf kafin kwamfutar ta koma S4, abin da ba ka adana ba, shi ke nan ya tafi.

A irin wannan barcin babu manhajar da ke motsi. Ƙarfe 2 na dare za ta zo ta wuce. Manhajar ajiya ba ta ma san lokacin ya yi ba, balle a ce ta ƙi aiki. Da safe ka ɗaga murfi, allo ya haska, komai na nan inda ka bar shi. Har da 'yar alamar da ke cewa komai lafiya, wadda ta shekaranjiya ce.

Shekaru da yawa babu wanda ya damu da haka. Wayar hannu ce ta canza mana tsammani. Tana aljihu, fuskarta a kashe, amma saƙo na shigowa tana ƙara. Mutum ya saba, sai ya waiwayi laftof ɗin da ta fi wayar tsada ya ce ita me ya hana ta. A shekara ɗaya, 2012, manyan kamfanonin biyu suka kawo amsa. Apple ya fito da Power Nap a cikin tsarin Mac mai suna Mountain Lion a watan Yuli. Microsoft ya fito da Connected Standby a cikin Windows 8 a watan Oktoba, wanda daga Windows 10 aka koma kiransa Modern Standby.

Dabarar Apple ita ce farkawa a duhu. Kwamfutar na barci, sai lokaci-lokaci ta tashi ba tare da kunna allo ba, ba ƙara, ba fanka. Ta duba imel, ta daidaita kalanda, ta koma. Kamar mai jego ce da tsakar dare: ta farka, ta shayar, ta gyara wa jariri kwanciya, ba ta kunna fitila ba, sauran 'yan ɗaki ba su san an tashi ba.

Amma dubi yadda aka raba aikin. Idan tana kan batir, ƙananan abubuwa take taɓawa: imel, kalanda, da sauran abin da ke iCloud. Manyan ayyuka, wato sauke sabuntawar manhaja da kwafin ajiya na Time Machine, sai tana jone da caja kuma akwai wuta a ciki. Tunda ba a son fanka ta tashi, in jikinta ya ɗau zafi sai ta dakatar da aikin. A laftof ɗin Mac masu furosesar Intel, akwai makunnin Power Nap a saiti, wanda ke bambanta lokacin batir da na caja. A waɗanda suka fara fitowa ƙarshen 2020 da furosesar Apple ta kansa, ba za ka ga makunnin a saiti ba.

Microsoft ya bi ta wata hanya. Ya ce kada ma ta shiga S3 ɗin. Ta zauna a S0, a rage mata wuta iya ragewa, yadda waya ke yi. Sai dai an san in aka bar kowace manhaja ta yi yadda take so, batir ba zai kai asuba ba. Don haka aka sa wani sashe na Windows da ke tsayar da manhajojin da aka saba da su cak da zarar an shiga barcin. Masu aiki a bayan fage kuma ana ba su abin da bai wuce daƙiƙa 1 ba a cikin kowace daƙiƙa 30. Ka auna kwafe hotunan biki na gigabait 20 da wannan rabon. Manhajojin da aka ƙera musamman don tsarin ne ke da izinin karɓar saƙo ana cikin barci. Tsohuwar Outlook da ke kan kwamfutocin ofisoshi ba ta cikinsu.

Je ka Titin Beirut a Kano, ko duk inda ake jera laftof na hannu a kan kanta. Biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, tambari ɗaya, launi ɗaya, Windows ɗaya. Ɗaya barcin S3 take yi, ɗaya na zamanin. Mai saye zai tambayi girman ram, ya tambayi awa nawa batir ke yi, ya danna kowane maɓalli, ya leƙa allo ko da tabo. Ban taɓa jin wanda ya tambayi irin barcinta ba. Amsar kuwa ba ta da nisa. Ka buɗe baƙin allon rubuta umarni, ka buga powercfg /a. Layukan farko za su nuna maka S3, ko kuma S0 mai ƙarancin wuta. Ba ta yin duka biyun a lokaci guda.

To, Malam, tattara sharuɗɗan mu gani. Wuta a soket har gari ya waye. Intanet da ba ya yankewa. Ɗakin da ba shi da zafi. Waɗanda suka tsara abin a jihohin Kalifoniya da Washinton ba su ɗauke su a matsayin sharuɗɗa ba, don a wajensu haka dare yake. A nan kowanne sai an nema.

Ɗauki wuta. Ka jona caja ƙarfe 10, aka ɗauke ƙarfe 11. Laftof ba za ta ce komai ba. Ta koma kan batir shiru, ta soke manyan ayyukan dare. Mai inji yakan kashe kafin ya kwanta, wato daidai lokacin da aka tsara aikin ya fara. Mai sola da inbata ya fi samun sauƙi, in batirin gidan ya kai safe. Fanka da firji na gaban laftof a layi.

Ɗauki intanet. Yawancinmu daga waya muke ba laftof. Kamfanonin waya na sayar da datar dare da rahusa, shi ya sa mutum ke tara manyan ayyuka sai dare ya raba. Ga yadda abin ke tafiya. Laftof ta yi barci, ta saki Wi-Fi. Wayar ta duba ta ga babu wanda ke jone da ita, sai ta kashe hotsifot don tattalin nata batirin. Wayoyin Android da yawa haka aka saita su. Can laftof ta farka a duhu, ta nemi layin, babu. Ta koma ta kwanta. Kowacce ta yi abin da aka koya mata. Ko layin na nan ma, OneDrive kan dakata idan an yi wa layin alamar mai ƙidayar data, ko idan kwamfutar ta shiga tattalin batir. Da safe datar dare ta ƙone, ko megabait ɗaya ba a taɓa ba.

Ɗauki zafi. Apple ya rubuta cewa laftof ɗinsa na aiki ne tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyos. A watan Afrilu, Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram na haura 40 da rana, kuma ɗakin kwano ba ya hucewa da wuri. Ƙara da cewa a kan katifa ake barin ta, ramukan shan iskarta a toshe da zanin gado.

Da can kana iya gane halin da take ciki daga waje. Tsofaffin laftof na Apple na da wata farar fitila a gaba da ke haskawa tana dusashewa da saurin numfashin mai barci, kuma da gangan aka yi ta haka. Sababbin ba su da ita. ThinkPad ce har yau ɗigon jan da ke kan harafin i a murfinta ke lumshewa idan ta kwanta. Da yawa kuwa babu komai. Ko barci take, ko a farke, ko a mace, murfin iri ɗaya ne. Sai ka kara tafin hannu a ƙasanta.

Wannan ya kawo mu ga ɗaya gefen, wanda masu gyara suka sani. Kwamfutar da ke iya tashi da kanta tana iya tashi inda bai kamata ba. Masu laftof na Modern Standby a ƙasashe da dama sun daɗe suna kuka da abu ɗaya: ka rufe ta da batir cike, ka sa a jaka, ka isa inda za ka, ka tarar da ita da zafi zau, batir ya kusa ƙarewa. Wani abu ya hana ta nutsuwa. Ko maus mara waya da ke motsi a cikin jakar, ko wata manhaja da ta riƙe ta, ko sabuntawar da ta riga ta fara. Jaka ba ta da taga, batirin laftof kuma zafi na cikin manyan abubuwan da ke tsufar da shi. Wanda zai hau mota daga Kano zuwa Abuja, gara ya sa ta a S4 ko ya kashe ta gaba ɗaya. In ya sauka a Zuba zai tarar da batirin inda ya bar shi.

Cikin ayyukan biyu, wato imel da kwafin ajiya, wanne ya cancanci duk wannan ɗawainiyar? Imel dai bai cancanta ba. Saƙon da aka aiko maka yana sauka ne a manyan kwamfutocin kamfanin da ke riƙe da akwatinka, su kuwa ba sa barci. Tsarin da manhajoji da yawa ke bi su leƙa akwatin, IMAP, Mark Crispin ne ya ƙirƙire shi a Jami'ar Stanford a 1986, kuma tushensa shi ne saƙo ya zauna can, kai ka riƙa gani daga nan. A 1997 aka ƙara masa wata dabara: manhaja ta riƙe layi a buɗe, da saƙo ya sauka a sanar da ita. Har aka ce ta riƙa sabunta riƙon kowane minti 29, don kada a ɗauka ta tafi. Da ka rufe murfi layin ya tsinke, amma babu abin da ya ɓace. Ka buɗe da safe, cikin ɗan lokaci komai ya sauko. Ko da kwamfutocin kamfanin ne suka samu matsala, ƙa'idar aika imel ta ce mai aikawa ya yi ta gwadawa har kwana 4 zuwa 5 kafin ya haƙura. Wayarka ma ta riga ta nuna maka saƙon tun kafin ka yi kalaci.

Haɗarin na wajen fita ne. Ka rubuta takardar neman aiki, ka maƙala takardun shaida masu nauyi, ka danna aika, ka rufe murfi. Tagar saƙon ta ɓace daga allo, shi ya sa ka ɗauka ya tafi. Alhali ya koma akwatin masu jiran fita ne, yana hawa a hankali gwargwadon ƙarfin netwok. Barci ya riske shi a rabi. Nan zai kwana, ranar rufe karɓa ta wuce. Haka saƙon da ka tsara ya tafi gobe ƙarfe 8. In a Gmail ka tsara shi, wanda ya samu wannan damar a 2019, yana hannun kamfanin, zai tafi ko laftof na ƙasan akwati. In a tsohuwar Outlook ne da akwatin IMAP ko POP, sai manhajar na buɗe a lokacin. Maganin duka kallo ɗaya ne. Kafin hannu ya kai ga murfi, a duba akwatin fita. In akwai lamba a gefensa, a jira ta ɓace.

Kwafin ajiya shi ne mai nauyin. Babu inda yake zaune yana jiran ka. In ba a yi shi ba, babu shi. A nan kuma mutane ke haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Wanda ya sa foldarsa a Google Drive ko OneDrive yakan ce ai yana da ajiya. Abin da yake da shi daidaitawa ce: abin da ke nan shi ke can. Ya goge fayil a nan, ya gogu a can. Yaro ya danne maɓalli ya share babi uku na kundin digiri, aka adana a haka, can ma haka za a adana. Akwai tarihin canje-canje da kwandon shara da za su iya ceto, amma na ɗan lokaci ne. Kwandon kwana 30 yake riƙewa a asusun mutum na kansa. Wurin kyautar ma kaɗan ne: gigabait 15 a Google, wanda imel da hotuna ke ci tare, 5 a OneDrive, 5 a iCloud. In ya cika, daidaitawar ta tsaya. Sanarwar ɗan jan tambari ne a kusurwar allo, kusa da agogo.

Ajiya ta gaskiya tana tuna jiya da shekaranjiya. Time Machine, da Apple ya fitar a 2007, na riƙe kwafin kowace awa na awa 24 da suka wuce, da na kowace rana na wata guda, da na kowane mako har faifai ya cika. File History na Windows shi ma kowace awa yake kwafa in ba a canza masa ba. Amma dukansu wani faifan daban suke nema su zuba. Shi kuma a ina yake kwana? A durowa, ko a aljihun jakar. Babu farkawar duhun da za ta zaro shi ta jona. Time Machine kan ɗan riƙe kwafi a faifan kwamfutar kanta kafin a kawo na waje. In ɓarawo ya ɗauki laftof, da kwafin ya tafi.

Kada ka ɗauka ƙananan mutane kaɗai abin ke samu. A 1998, ana cikin haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani umarni da aka buga ya shiga share fayilolin fim ɗin. Kafin a tsayar da shi mafi yawansu sun tafi. Aka juya ga kwafin ajiya, sai aka tarar ya daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya cece su wata ma'aikaciya ce, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda tana da jariri, tana kuma da kwafi a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna aka ɗauko ta a mota.

Hanyoyin da suka rage wa mai laftof uku ne, kowacce da farashinta.

Ta farko, a sa mata agogon tashi. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan agogo da ba ya tsayawa ko an kashe ta, kuma yana iya tada ta. A Windows, cikin Task Scheduler, akwai ɗan akwatin da ake yi wa alama cewa a tada kwamfuta don wannan aikin. Shi kaɗai bai isa ba. A saitin wuta akwai wani izinin daban na barin agogo ya tada ta, an kuma raba shi gida biyu, na batir da na caja. Akwai akwati na uku da ke cewa kada aikin ya fara sai ana kan caja, kuma da alamarsa yake zuwa tun asali. In an tsallake waɗannan, saura guda. Kwamfutar da ta tashi ba da hannun mutum ba, Windows na mayar da ita barci bayan minti 2, sai in manhajar ta nemi a bar ta a farke. Manhajar ajiya mai kyau na nema. Mara kyau za ta kwafi kaɗan a katse ta. Wannan hanyar ta fi karɓar masu barcin S3, masu Linux kuma suna da umarnin rtcwake mai yin irin aikin. Duka sun dogara da agogon. A tsohuwar laftof da ɗan zagayayyen batirin agogonta ya mutu, kwanan wata kan koma shekarun baya, har imel ya ƙi buɗewa.

Ta biyu, kada ta yi barcin. A kashe allo kawai, wanda dama yana cikin manyan masu cin batir. A Windows ana iya cewa in tana kan caja, rufe murfi kada ya sa komai, in kan batir take kuma ya sa barci. A Mac akwai saitin hana barci idan ana kan caja allo ya mutu, akwai kuma umarnin caffeinate, amma murfin sai a bar shi a ɗage. Wannan ce hanyar da ta fi tabbas. Farashinta wuta ne da kuma tunawa. A ɗora ta a kan tebur. Wanda ya saita murfinsa haka ya riƙe jeri: a fara zare caja, sannan a rufe. In ya juya jerin, a farke za ta shiga jaka.

Ta uku ita ta fi dacewa da inda wuta ba ta da alƙawari. A daina ɗaure aikin da ƙarfe 2 na dare. A ce mata duk lokacin da ta farka ta ga an tsallake, ta rama. Task Scheduler na da akwatin wannan. Masu Linux sun daɗe da anacron, wanda aka yi shi musamman don kwamfutocin da ba sa kwana a kunne. Time Machine ma da kansa yake kamawa idan ya ga faifansa ya dawo. Sai mutum ya ɗaure aikin da wani abin da dama yake yi kullum. Ka iso shago, an tada inji, ka jona caja, ka jona faifai, ka fita gaisawa da maƙwabta. Kwafin farko ne ke daɗewa. Na bayansa abin da ya canza kawai suke ɗauka, sau da yawa kafin ka dawo sun gama.

Ko wacce ka zaɓa, kwamfutar na rubuta abin da ta yi da dare, kuma ba ta ɓoyewa. A Windows, powercfg /lastwake zai faɗi abin da ya tada ta na ƙarshe. In ka buga powercfg /requests za ka ga wanda ke hana ta barci yanzu. Shi kuma powercfg /sleepstudy rahoton 'yan kwanakin baya yake fitarwa: yaushe ta kwanta, nawa batir ya ragu, wa ya fi damun ta. A Mac, pmset -g log zai jero kowace farkawa da lokacinta, na duhun an rubuta musu DarkWake. Wanda ba ya son baƙin allo, akwai abin da ya fi waɗannan sauƙi. Gani ya kori ji, kuma manhajojin ajiya na nuna ranar da suka yi kwafi na ƙarshe. Layi ɗaya ne, ba a cika karanta shi ba. Na sha ganin an buɗe shi a gaban mai gyara bayan faifai ya mutu, a tarar da kwanan watan bara.

Abin da ke sa ni nanata wannan shi ne abin da ke cikin kwamfutocin. Kundin digirin da aka daɗe ana rubutawa. Lissafin bashin shago. Littafin da marubuciya ke haɗawa bayan yara sun yi barci. Muryar mahaifi da aka naɗa kafin ya rasu. Laftof in ta mutu ana sayen wata. Waɗannan ba a jera su a kan kanta.

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi 3, a ma'aji iri 2, 1 daga ciki a wani wuri daban. A wajenmu wannan na nufin laftof, da faifan waje, da na uku a intanet ko a gidan yayarka a wata unguwa. Faifan da ke kwana a jaka ɗaya da laftof, ɓarawo ɗaya zai ɗauke su, ruwa ɗaya zai jiƙa su.

Sannan a gwada. Ranar da kake da wuta da sarari, ka jona faifan. Ka nemi fayil ɗin da ka taɓa a makon nan, ba na bara ba. Ka dawo da shi wata folda daban, ka buɗe, ka gangara har shafin ƙarshe. Ka duba ko sakin layin da ka ƙara ranar Talata na nan.